Tazarar Sallama: Tarihin Gilashin Kyamara daga Fort-Lamy zuwa Njamena

Gabatarwa

Duk matashin da ya tara kuɗi ya sayi kyamararsa ta farko a yau, ko a Njamena yake ko a Kano, ba ya daɗewa sai wata tambaya ta tsaya masa a rai: wane gilashi zai ɗaura mata? Abin da muke nufi da gilashin kyamara shi ne bututun nan da ake murɗawa a goshin kyamara, wanda ke tattara haske ya kai shi cikinta. Wasu kan kira shi idon kyamara. Tambayar tana da nauyi, domin sau da yawa gilashi ɗaya kan kai kuɗin kyamarar ko ma ya zarce, kuma shi ne ke daɗewa a hannun mai shi bayan ya canza kyamara biyu ko uku. Wanda ya yi kuskuren zaɓi, guminsa na watanni ne ya tafi.

Masu sayarwa kan amsa wannan tambaya da lambobi da sunayen kamfanoni. Wannan maƙala za ta bi ta hanyar tarihi, kuma birnin Njamena ne madubinta. Abin da take son tabbatarwa guda ne: lambar da ke rubuce a jikin gilashi ita ke yanke inda mai hoto zai tsaya, kusa da mutumin da yake ɗauka ko nesa da shi. Saboda haka zaɓen gilashi zaɓen tazara ne, tazara kuwa a al'adarmu magana ce ta ladabi da izini.

Lambobi biyu

Kafin a shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya riƙe lambobi biyu da ke jikin kowane gilashi. Ta farko ita ce tsawon gilashi, wanda ake aunawa da milimita. Idan lambar ƙarama ce, kamar 28, gilashin na kwaso fili mai faɗi, kusan digiri 75 daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan 50 ce, yana ganin kimanin digiri 47. Idan ta kai 200, ganinsa kan tsuke zuwa digiri 12 kacal, amma yana jawo abin da ke nesa. Waɗannan ma'aunai na kyamarar da faifan ɗaukarta ya kai milimita 24 a 36 ne, wato girman tsohon fim ɗin da aka saba da shi.

Lamba ta biyu ita ce ta ƙofar haske, wadda ake rubutawa kamar f/1.8 ko f/5.6. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin da ke buɗewa zuwa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wanda ya tsaya a f/5.6. Wannan bambanci shi ne tsakanin hoton da ya fito tas a cikin zaure bayan la'asar da wanda ya fito dishi-dishi.

Daga Alƙahira zuwa Biyana

Masanin Basra da ya rayu a Alƙahira, Ibn al-Haisam, wanda ya rasu wajajen 1040, ya bayyana a cikin littafinsa Kitab al-Manazir yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya zana siffar abin da ke waje a bangon ɗaki mai duhu. Kafar kaɗai takan ba da siffa, amma mai rauni. Aikin gilashi shi ne faɗaɗa kafar ba tare da siffar ta watse ba.

Sa'ad da aka bayyana hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Paris a 1839, gilashin da Charles Chevalier ya ƙera mata ƙofarsa ba ta wuce kimanin f/15 ba. Gine-gine sukan ɗauku, amma ɗan Adam sai ya zauna mintuna masu yawa a rana bai motsa ba. A 1840 wani malamin lissafi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Joseph Petzval, ya lissafa gilashi mai ƙofa f/3.6, kamfanin Voigtländer ya ƙera shi. Haskensa ya ninka na Chevalier fiye da sau 15, kuma da aka haɗa shi da gyaran sinadarai sai zaman ɗauka ya ragu ƙwarai. Daga nan ne shagunan hoton fuska suka bazu a biranen Turai da Amurka. Abin lura a nan shi ne, babban ci gaba na farko a tarihin gilashi an yi shi ne don fuskar mutum, kuma ƙofar haske aka faɗaɗa.

Shekarar 1900: kyamara a hannun mai nasara

A ranar 22 ga Afrilun 1900 rundunonin Faransa uku da suka haɗu daga Aljeriya da Neja da Kwango suka gwabza da dakarun Rabeh a Kuseri, a gaɓar mahaɗar kogunan Logone da Shari. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 ya kafa fadarsa a Dikwa, ya mutu a wannan yaƙi, haka ma kwamandan Faransawa, Lamy. Bayan 'yan makonni Émile Gentil ya kafa sansani a ɗaya tsallaken kogin ya raɗa masa suna Fort-Lamy. Wannan sansani shi ne ya zama babban birnin Chadi, wanda Shugaba Tombalbaye ya mayar da sunansa Njamena a 1973.

Hoton da ya fi shahara daga wancan yaƙi shi ne na kan Rabeh bayan an sare shi, wani sojan Faransa baƙar fata yana nuna shi ga kyamara. Ke nan tun ranar haihuwar birnin kyamara tana wurin, kuma a hannun mai nasara take. Shekarun da suka biyo baya sun cika da hotunan da jami'an mulkin mallaka da matafiya suka ɗauka, da katunan gidan waya da ake buga mutane a kansu ba suna, sai dai sunan ƙabila. An tsaya kusa da waɗannan mutane, amma kusancin iko ne, wanda ba ya neman yarda.

A wannan shekarar dai ta 1900 kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da ƙaramar kyamarar akwati mai suna Brownie a kan dala ɗaya. Gilashinta ƙwaya ɗaya ne rak, a kafe, ba ya ciruwa. Wannan akwati mai araha da jikokinsa su ne za su shigar da 'yan Afirka da dama cikin sana'ar.

Shekarar 1925: asalin milimita 50

A 1925 kamfanin Leitz na Jamus ya fitar da Leica, ƙaramar kyamarar da Oskar Barnack ya tsara don ta yi amfani da fim ɗin silima. Kowane hoto yana cin milimita 24 a 36 na fim ɗin, gilashin da Max Berek ya lissafa mata kuwa milimita 50 ne, ƙofarsa f/3.5. Idan aka auna wannan faifai daga kusurwa zuwa kusurwa za a sami milimita 43. Gilashin da tsawonsa ya yi kusa da wannan ma'auni yakan ba da hoton da girman abubuwa da nisan da ke tsakaninsu ke kama da yadda ido ya saba gani, shi ya sa ake kiransa matsakaicin gilashi. Leica ta farko ba a cire mata gilashi; sai a 1930 aka fara yin mai ciruwa. Henri Cartier-Bresson, ɗaya daga cikin manyan masu hoton ƙarni na 20, da milimita 50 ya yi mafi yawan aikin rayuwarsa.

A wannan shekarar ce kuma marubucin Faransa André Gide da abokin tafiyarsa Marc Allégret suka kama hanyar Kwango da Chadi, suka iso Fort-Lamy a farkon 1926. Allégret ya ɗauki hotuna masu yawa da fim ɗin da ya fito a 1927. Littattafan da Gide ya rubuta kan tafiyar sun tona zaluncin kamfanonin da aka damƙa wa dazuzzukan yankin, amma duk da haka ido na baƙo ne, masu kallon kuma suna Paris.

Zamanin situdiyo: gilashi ɗaya, fuskoki dubu

Sauyi na gaskiya ya zo ne da masu hoto 'yan ƙasa. Fort-Lamy tana kan hanyar mahajjata masu tafiya ƙasa daga Kano da Borno zuwa Sudan, kuma Hausawa da yawa sun yada zango a cikinta suka zama 'yan gari, kamar yadda John Works ya nuna a littafinsa na 1976 kan al'ummomin Hausawa a Chadi. Birnin matafiya da fatake da ma'aikata birni ne mai buƙatar takardu, takardu kuwa suna buƙatar hoto. A ko'ina cikin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya hoton katin shaida ne ya riƙe shagunan hoto, hoton sallah da na biki da na sabon keke kuma suka ƙawata su. Bayan samun 'yancin Chadi a ranar 11 ga Agustan 1960 wannan buƙata ƙaruwa ta yi.

Idan aka dubi manyan wannan zamani a ƙasashe maƙwabta, za a ga duk da kaya kaɗan suka fara. Seydou Keïta na Bamako ya sami Brownie daga kawunsa a 1935, ya buɗe shagonsa a 1948, inda yake ɗauka a tsakar gida da hasken rana, da babbar kyamara mai faifai santimita 13 a 18. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, da Brownie ya fara a 1956, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venice. J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya ya sayi tasa Brownie a 1950, daga 1968 kuma ya shiga tattara hotunan kitso da gyaran gashin mata. A Yamai, Philippe Koudjina ya adana rayuwar daren birnin a shekarun 1960 da 1970. A Bangui, kudu da Chadi, Samuel Fosso ya buɗe shagonsa a 1975 yana ɗan shekara 13.

Kyamarorin da suka cika shagunan wannan zamani su ne masu ido biyu, irin Rolleiflex ta Jamus da Yashica ta Japan. Faifansu santimita 6 a 6 ne, gilashinsu milimita 75 ko 80, wanda a kan wannan faifai shi ne matsakaici, daidai da 50 a kan ƙaramin fim. A mafi yawansu gilashin ba ya ciruwa. Mai hoto ba shi da zaɓi, sai ya motsa ƙafarsa. Don ya ɗauki mutum a tsaye tun daga hula har takalmi sai ya ja baya kimanin mita uku. Don ya ɗauki kafaɗa da fuska sai ya matso zuwa mita ɗaya da 'yan kai. Wannan ita ce tazarar da ba za ka tsaya a cikinta ba ka yi sallama ba. A cikinta ake gyara wa dattijo rawani, a lallashi yaro, a jira amarya ta daina rufe fuska. Ban da haka, irin wannan kyamara a ƙirji ake riƙe ta, mai hoto ya sunkuyar da kai ya leƙa ta sama. Bai zuba wa matar aure ko surukin wani ido ba, kuma ana iya cewa wannan ya dace da kunyar mutanenmu.

Sakamakon a bayyane yake ga duk wanda ya buɗe tsohon kundin hotunan gidansu. Mutanen ciki sun zo da kansu, sun zaɓi tufafinsu, sun biya kuɗinsu, suna kallon gilashin kai tsaye. Tazarar da ke tsakanin waɗannan hotuna da katunan zamanin mallaka ba ta inganci gilashi ba ce, ta yarda ce. Mahamat-Saleh Haroun ya tuna da wannan duniya a fim ɗinsa Grigris na 2013, wanda jaruminsa ke taya mijin mahaifiyarsa aiki a wani ɗan shagon hoto a Njamena, a lokacin da kasuwar irin waɗannan shaguna ta riga ta ja baya.

Zamanin yaƙi da gilashi mai hangen nesa

Shekarar 1959 ta kawo abubuwa biyu. Kamfanin Nikon ya fitar da kyamarar Nikon F tare da jerin gilasai masu ciruwa, daga mai faɗin gani zuwa mai hangen nesa. Kamfanin Voigtländer kuma ya fitar da Zoomar, gilashi mai zuƙowa na farko da aka yi wa ƙaramar kyamarar hoto, wanda ke tafiya daga milimita 36 zuwa 82. Daga nan ne tambayar "wane gilashi?" ta fara zama tambaya.

Irin waɗannan kaya sun iso Chadi a kafaɗar 'yan jarida na ƙasashen waje, domin ƙasar ta faɗa yaƙin basasa tun tsakiyar shekarun 1960. A watan Fabrairun 1979 faɗa ya ɓarke a cikin Njamena, a 1980 kuma aka shafe watanni tara ana gwabzawa a titunanta, dubban mazauna suka tsallake kogi zuwa Kuseri. Mai gudun ceton rai ba kundin hotuna yake fara ɗauka ba. Abin da duniya ta gani game da birnin a waɗannan shekaru shi ne motoci masu bindigogi da bangaye masu huji.

Gilashi mai milimita 200 yana da amfaninsa a irin wannan hali, domin yakan bar mai hoto ya tsaya mita goma sha biyu daga abin da mai 50 sai ya matso mita uku. Amma yana da farashi: yana matse nesa da kusa su zama kamar a manne, yana yanke mutum daga muhallinsa, kuma yana ba da damar ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ko a cikin baƙin 'yan jarida, waɗanda aikinsu ya dawwama su ne waɗanda suka shiga cikin jama'a. Raymond Depardon na Faransa ya sha komawa duwatsun Tibesti yana zama da 'yan tawaye, har ya kai ga yin hira a 1975 da Françoise Claustre, mai binciken kayan tarihi da aka yi garkuwa da ita tun 1974.

Haka abin yake ga 'yan ƙasa. Abdoulaye Barry, haifaffen Njamena a 1980, ya sami lambar yabo ta alƙalai a taron masu hoto na Afirka da aka yi a Bamako a 2009, saboda hotunansa na yaran da ke kwana a titunan birnin. Daga baya ya bi masuntan dare na Tafkin Chadi. Irin wannan aiki sai da zama tare da mutane har su saba da kai.

Zamanin dijital

A 2003 kamfanin Canon ya fitar da EOS 300D haɗe da gilashi mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55, duka a kan ƙasa da dala 1,000. Tun daga nan wannan gilashi ya zama abin da ke zuwa a kwali tare da kyamarar ɗan koyo, ya maye gurbin 50 ɗin da ke zuwa da kyamarorin fim irin Pentax K1000 ta 1976. Yana da sauƙin aiki, amma idan aka zuƙo shi zuwa 55 ƙofarsa kan tsuke ta koma f/5.6.

Akwai kuma wani abu da ke rikita sababbin shiga. Faifan ɗaukar haske na yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi ya fi tsohon fim ƙanƙanta, saboda haka sai an ninka lambar gilashi sau 1.5 a kyamarorin Nikon da Sony, ko sau 1.6 a na Canon, kafin a san ainihin ganinsa. Gilashi mai 50 a kansu yana aiki kamar 75 ko 80. Wanda ya ɗaura shi ya shiga ɗakin amarya don ya ɗauke ta a tsaye yana buƙatar ja da baya fiye da mita huɗu, bango kuwa ba zai ba shi hanya ba. A kan irin wannan kyamara, milimita 35 ne matsakaici.

Abin da ɗan koyo zai ɗauka

Na farko, ya fara da gilashin da ya zo da kyamararsa har tsawon wasu watanni, sannan ya duba bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin kowane hoto don ya ga lambar da ya fi tsayawa a kai. Hannunsa zai gaya masa abin da mai shago ba zai gaya masa ba.

Na biyu, sayensa na farko ya zama kafaffen gilashi matsakaici mai babbar ƙofa: 35 mai f/1.8 a kan ƙaramin faifai, ko 50 mai f/1.8 a kan cikakke. Waɗannan suna cikin mafi araha a jerin kowane kamfani, ba su da nauyi, kuma suna aiki a walimar dare ko lokacin da wuta ta ɗauke. Mai faɗin gani ba abin gaggawa ba ne, don babbar kyamarar wayar da ke aljihunsa tana gani kamar milimita 24 zuwa 28. Ya dai kula cewa kusantar fuska da irin wannan faɗi yana kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunne. Idan sana'arsa ta karkata ga hoton fuska, na biyunsa ya zama mai gani kamar 75 zuwa 85. Mai hangen nesa ya jira sai aiki ya kira shi, kamar sukuwar dawaki, ko ƙwallo, ko namun dajin Zakouma.

Na uku, ya yi la'akari da ƙasarsa. Ƙurar hunturu a Njamena tana shiga ko'ina, zafin Afrilu kuma yakan haura digiri 40. Gilashin da ke miƙewa yana komawa yakan shaƙi iska da ƙurarta, kowane canjin gilashi a fili kuma buɗe cikin kyamara ne ga rairayi. Gilashi ɗaya da ke zaune daram ya fi tsira.

Na huɗu, idan na hannu zai saya, ya tabbatar bakin gilashin ya dace da kyamararsa, domin ko a kamfani ɗaya akwai bambanci: Canon na da EF tun 1987 da RF tun 2018, Nikon na da F da kuma Z. Ya haska tocila ta cikinsa don ya ga ko akwai hazo, ko ƙarce, ko farin zare-zaren fumfuna. Ya murɗa zobbansa ya ji ko suna tafiya sumul, sannan ya gwada shi a kan tasa kyamarar kafin ya biya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Na biyar, ya san doka. A Njamena ɗaukar hoton barikoki da fadar shugaban ƙasa da filin jirgi da sauran wuraren tsaro yana jawo kamu, kuma dogon gilashi da aka saita daga nesa yakan ja hankalin jami'an tsaro da zargin jama'a.

Kammalawa

Tambayar gilashin farko sabuwa ce a tarihi. Waɗanda suka bar mana hotunan iyayenmu da kakanninmu ba a ba su wannan zaɓi ba, gilashi ɗaya suka samu, shi kuma ya tilasta musu tsayawa inda za a ji muryarsu. Daga hoton Kuseri na 1900, zuwa shagunan shekarun 1960, zuwa yaƙin 1980, abin da ya riƙa canzawa shi ne wanda ke riƙe da kyamara, da inda ya tsaya, da ko an ba shi izini. Ɗan koyon da ya ɗaura matsakaicin gilashi zai ga dole ne ya matso, idan ya matso dole ya yi sallama, idan ya yi sallama kuwa wanda ke gabansa yana da damar ya amsa ko ya ƙi.